Ganin likita ta bidiyo ko sola a ɗakin haihuwa: ina za mu zuba kuɗin 'yan gari?

Sakataren Kwamiti:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don na san a zauren nan akwai likitoci da ma'aikatan jinya, akwai kuma irinmu masu zaman benci. Ni ne sakataren kwamitin da ke sa ido kan ƙaramin asibitin mazaɓarmu. Ɗaki biyar ne, ma'aikata huɗu: incaj, wato ma'aikacin lafiyar da ke shugabantar asibitin, ungozoma ɗaya, mai awon jini da mai ba da kati. Likita kuwa ban tuna rabonmu da ganin ƙeyarsa ba. Babban asibiti kilomita 38 ne daga nan, kuma da damina rabin hanyar sai babur.

'Ya'yan garinmu mazauna Kano da Abuja da Legas sun yi karo-karo sun tara kuɗi. Sai wani kamfani ya kawo musu tayi: zai ajiye mana kwamfutar hannu, maras lafiya ya zauna gaban allo, likita ya duba shi ta bidiyo daga Abuja, mu kuma mu riƙa biya wata-wata. Samarin sun ɗauki abin da zafi. Dattawan kwamiti suka ce a'a, a sa sola a ɗakin haihuwa, domin har gobe da tocilan ake karɓar haihuwar dare. Kuɗin ba zai ɗauki biyun ba. Ranar Asabar za mu zauna. Wanda ya taɓa ganin wannan abu da idonsa ya faɗa mini gaskiya, kada ya ji nauyina.

Mai Kemis:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai ku sa sola ku huta. Likitan da bai taɓa jikin mutum ba, bai danna cikinsa ba, me zai gani? Wannan ai duba ne irin na 'yan bori, an dai sa masa data.

Uwar 'Yan Biyu:
Mai Kemis, kai ne da wannan magana? Kai da ake aiko maka yaro da naira ɗari biyar ya ce Baba na jin jiri, ka ƙulla masa kala huɗu a leda? Shi likitan bidiyo ai ko banza ya ga fuskar Baban.

Mai Kemis:
Hajiya a rufa mini asiri. Ni ai na san Baban tun kafin ya yi furfura.

Incaj daga Jigawa:
Malam Sakatare, bari in faɗa maka abin da ba a rubutawa a rahoto. Da yawanmu mun daɗe muna yin wannan abu, ba kamfani, ba yarjejeniya. Ina da littafin ƙa'idojin aiki da aka koya mana a makarantar koyon aikin lafiya, shi ke gaya mini abin da zan yi da kaina da abin da dole in tura gaba. Amma akwai marasa lafiyar da ke faɗawa tsakani: ba su yi tsananin da zan ce a tafi yanzu-yanzu ba, kuma hankalina bai kwanta in sallame su ba. A nan nake kiran wani likita abokin yayana ta WhatsApp.

Bara aka kawo mini jaririya 'yar wata bakwai da tari da zazzaɓi. Na ƙirga numfashinta ya kai 58 a minti ɗaya, kuma ƙa'ida ita ce daga wata 2 zuwa 11 in ya kai 50 to ya yi sauri. Na san limoniya ce. Abin da ban tabbatar ba shi ne ko ƙasan ƙirjinta na lotsawa, don kuka take yi. Na bari ta lafa a jikin uwarta, na ɗaga rigar, na kunna bidiyo. Likitan ya kalla daƙiƙa kaɗan ya ce ba ƙirjin kaɗai ba, in dubi hancinta yadda yake buɗewa, in ba ta allurar farko in tura ta. Uban da ya tsaya kai da fata ba shi da kuɗin mota, jin murya daga wayar ta ce "ni likita ne" sai ga shi ya fita neman babur. Yarinyar tana nan tana tafiya.

Amma ka lura: ni na ƙirga numfashin, ni na auna zafin jiki, ni na ɗaga rigar. Shi ido kawai ya ara mini.

Likitan Iyali, Kano:
Incaj ya taɓo inda maganar take. Malam Sakatare, abu biyu ne ake kira da suna ɗaya, kuma masu talla ba sa son rarrabe su.

Na farko, maras lafiya da likita su kaɗai, shi yana gida da wayarsa. Na biyu, maras lafiya yana cikin asibiti, ma'aikacin lafiya na gefensa da ma'aunin hawan jini da abin gwajin maleriya, likita yana can nesa yana tambaya, ma'aikacin yana zame masa hannu. Tsakanin biyun akwai tafiyar yini.

Ni na yi na farkon da yawa lokacin kullen korona a 2020, sa'adda Kano ta rufe mutane suka rasa inda za su. Na ga amfaninsa, na ga iyakarsa. Mai hawan jini da na riga na sani, yana da ma'auni a gida, ya karanta mini lamba in gyara masa magani, wannan lafiya lau. Mai ciwon suga da ke son a duba sakamakonsa, haka. Ƙuraje da cututtukan fata, hoto mai kyau da aka ɗauka a hasken rana ya ma fi bidiyo. Amma yaro mai zazzaɓi? Ba allon da zai gaya mini maleriya ce ko ba ita ba, sai an tsaga yatsa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani. Ciwon ciki a gefen dama, sai an danna an saki an ga yadda fuska ta yi. Sanƙarau, sai hannu ya tanƙwara wuya. Mashaƙon da ya addabe mu a Kano a 2023, sai an buɗe baki an haska maƙogwaro an taɓa kumburin wuya. Matar da ta yi ɓatan wata biyu ta zo da ciwon mara da jiri, in ka ce mata ta sha farasitamol ta kwanta alhali cikin a wajen mahaifa ya zauna ya fashe, kafin asuba an yi rashi.

Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta amince da duba maras lafiya daga nesa, amma ta ce ƙari ne a kan ganin ido da ido, ba madadinsa ba. Indiya ce ta fi kowa nisa a tsari na biyun. Manhajarsu eSanjeevani ta fara a ƙarshen 2019 a matsayin hanyar da ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye zai haɗa maras lafiya da likita a babban asibiti, sai da korona ta zo a 2020 suka buɗe ta ga mutum daga gidansa. Zuwa farkon 2023 sun haura duba miliyan 100. Amma gwamnati ce ta ɗauki likitocin, ta ba su lokacin zama, kuma kyauta ne ga maras lafiya.

Saboda haka tambayar farko ga kamfanin nan: incaj ɗinku yana cikin tsarin, ko kuwa za a ajiye shi a matsayin mai kunna na'ura?

Ɗan Gari a Legas:
Baba Sakatare barka da dare, ashe nan ka kawo ƙararmu. Ni ina cikin waɗanda suka tara kuɗin, kuma ni na kawo maganar kamfanin, don haka bari in kare kaina.

Dakta, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma kana magana kamar zaɓin shi ne likitan allo ko likita mai jini da tsoka. Mu zaɓinmu likitan allo ne ko babu. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce a 2024 likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru, waɗanda suka rage wajen 55,000 ne ga mutum sama da miliyan 200, su ma akasari suna manyan birane. Wane likita ne zai kwashe iyalinsa ya tare a garinmu? Ni da aka haifa a can ma ban zauna ba.

Mahaifiyata tana da hawan jini. Duk wata sai an ɗauki shatar mota an kai ta babban asibiti, ta fita bayan asuba, ta yi layi har azahar, likita ya gan ta minti biyar ya ce a ci gaba da magani. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin motar ya fi kuɗin maganin. Ƙarshenta ta ce ta gaji, ta daina zuwa, ta koma jiƙo. Irinta nawa ne a garin? Fitila ba za ta sauke musu jini ba. Da babu gara ba daɗi.

Sakataren Kwamiti:
Ɗana, ba ƙara na kawo ba. Allah ya yi muku albarka da abin da kuka tara, ya ƙara wa Hajiya lafiya. So nake ranar Asabar in buɗe baki da hujja.

Dakta a Ingila:
Ɗan'uwa na Legas, ina cikin dubu goma sha shidan nan da ka ambata, don haka ba ni da bakin yi maka musu a kan ƙarancin likitoci. Amma ga abin da na gani a nan, inda intanet ba ta yankewa kuma kusan kowa na da babbar waya.

Da korona ta shigo a Maris 2020, cikin makonni kaɗan aka ba kusan kowane asibitin unguwa hanyar kiran bidiyo. Kowa ya ce shi ke nan, zamani ya juya. Zuwa 2021 ganin likitan unguwa ta bidiyo bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ba hana mu aka yi ba. Mu da kanmu muka ga cewa mafi yawan abin da za a iya gamawa daga nesa, kiran waya na murya ya isa, in fata ce a turo hoto. Wanda kuma murya ba ta isa ba, yawanci bidiyon ma bai isa ba, sai ya zo. Bidiyo ya tsaya a tsakiya da ɗan yankinsa: kallon yaro ko yana wasa ko ya yi laushi, kallon numfashi, masu damuwa da ciwon ƙwaƙwalwa, tsohon da ke kwance a gidan kula da tsofaffi da nas a gefensa.

Sai maganar kamfani. Akwai Babylon, wanda ya yi tashe a Landan da ganin likita ta waya, har ya buɗe reshe a Ruwanda a 2016 da sunan Babyl. A Ruwandan ma da kiran murya da saƙon tes suka fi aiki, don su ne ke shiga ƙaramar waya. Mutane miliyoyi suka yi rajista. A 2023 uwar kamfanin ta karye, na Ruwanda ya rufe. Ba ina cewa naku zai karye ba. Ina cewa ku tambaya: ranar da ya tafi, me zai rage a hannunku? Sola in kamfanin da ya kafa ta ya mutu, rana ba ta mutu ba.

Ɗan Gari a Legas:
Dakta, ku a can kun koma ganin ido da ido ne saboda likitan yana bayan layinku. Mu ina za mu koma?

Dakta a Ingila:
Wannan ka kama ni. Gaskiya ne, lissafinmu da naku ba ɗaya ba ne. Abin da nake so ka ɗauka kawai shi ne kada a sayar muku da kyamara a farashin likita. Hajiyarka abin da take buƙata mutum ne da zai auna ta daidai duk wata, likita ya ji lambar, maganin kuma ya kasance a gari. Ko da kiran murya aka yi wannan, ta samu.

Anti Ungozoma:
Ku yi haƙuri, yanzu na sauka daga aiki na tarar an yi nisa. Shekarata 19 ina karɓar haihuwa, 11 daga ciki a ƙauye. Malam Sakatare, ni ba zan ɓoye ɓangarena ba.

Mata ba da rana suke mutuwa a hannunmu ba. Ƙarfe biyu na dare ne, an kawo ta a amalanke tana jijjiga, ko ta haihu a gida jini ya ɓalle. Mai jijjiga na san abin yi, ba na buƙatar kowa ya gaya mini daga Abuja: in kwantar da ita a gefe, in auna jini, in ba ta allurar magnesium, in nemi mota. Mai zubar jini in murza mahaifa, in ba ta oksitosin, in sa ruwa. Abin da ke kayar da ni shi ne neman jijiya da tocila a baki, da oksitosin da ya kwana wata uku a cikin zafi don ba firji, da motar da babu. Na taɓa ɗinke mace mijinta na riƙe mini da fitilar waya yana kau da kai, batirin ya mutu saura ɗinki biyu.

To a cikin duhun nan likitan bidiyo me zai gani? Kuma kamfanin yana da likita a farke ƙarfe biyun dare, ko daga takwas zuwa huɗu ne?

Ban ce ba shi da amfani ba fa. A ranar awo, in na sami mai ciki jininta ya kai 140 bisa 90 bayan wata biyar, ƙafa ta kumbura, ina son likitan da zan kira mu yanke shawara tare tun kafin ta kai ga jijjiga. Wannan zai ceci rai. Amma in aka ce in zaɓa, haske.

Uwar 'Yan Biyu:
Anti Allah ya biya ki. Ni kuma ga tawa, tunda maza sun manta. A ƙauye wayar gidan ta maigida ce, in ma babba ce. In aka ce mace ta ga likita daga gida, to sai ya dawo daga kasuwa, ya ba ta, ya zauna a bakin ƙofa. Wace mace ce za ta yi maganar ƙaiƙayin gaba ko tazarar haihuwa ko dukan da take sha a haka? A asibiti aƙalla akwai labule. Kuma ko a asibitin, in aka kafa allon a ɗakin kati inda kowa ke shiga, gara ma kada a kawo.

Alaramma:
Hajiya ta yi gaskiya. Malamai sun yi sauƙi a kan larura, likita namiji ya duba mace in ba mace, gwargwadon buƙata, kuma a samu wata a wurin. Abin da ya fi damuna da na'urar nan shi ne abin da ido ya gani yana wucewa, abin da kyamara ta gani yana iya zama. A tabbatar ba a naɗa, kuma a gaya wa mace wa ke kallonta daga can, shi kaɗai ne ko da wasu a ɗakin. In kamfanin yana da likitoci mata, a ware musu rana, za ku ga matan da shekara da shekaru ba su taka asibiti ba.

Incaj daga Jigawa:
Allah gafarta Malam, ka taɓa ni a nan. Hotunan da nake tura wa likitan nan suna zama a wayata, kuma yarana suna ɗaukarta su yi wasa. Yau zan share.

Lauya:
Incaj, share, kuma ka riƙa neman izini kafin ka ɗauka. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta hana fitar da sirrin maras lafiya ba da yardarsa ba.

Malam Sakatare, kada ku sa hannu sai kun ga amsa a rubuce. Sunayen likitocin da lambar rajistarsu a majalisar likitoci ta MDCN, da lasisin bana. In aka yi kuskure mutum ya cutu, wa zai amsa, likitan, kamfanin, ko incaj ɗinku da ke ƙasa? Don na san yadda ake yi, na kusa ake kamawa. A ina ake ajiye bayanan marasa lafiya, kuma in kun raba gari za a ba ku? Sannan hukumar lafiya matakin farko ta jiharku ta sani? Asibitin nata ne, ba na kwamiti ba. Kada ku kashe kuɗi wani jami'i ya zo zagaye ya ce a kwashe.

Likitan Iyali, Kano:
Barista ka bar ɗaya, kuma a wurina ita ce babba: likitan yana jin Hausa? Ba Hausar "ina kwana" ba. Mace ta ce tana da sanyi, tana iya nufin ciwon gaɓoɓi, tana iya nufin ruwa na fita mata ta gaba. Namiji ya ce basir, wannan kalma ta ɗauki komai daga kumburin ciki zuwa raunin mazakuta zuwa jini a bayan gida da zai iya zama daji. Uwa ta ce haƙori ne ke damun yaro, alhali gudawa ce ta kusa ƙarar da ruwan jikinsa. Shawara kuma, sai ka tambaya ido ne ya yi ɗorawa ko kasala ce kawai. Tsohuwa ta ce zuciyarta na tsinkewa, sai ka zauna da ita kafin ka gane ɗanta ne aka sace watanni shida da suka wuce. Ni da aka haifa a cikin harshen ma sai na yi tambaya uku kafin in kama zaren. In incaj zai riƙa fassara wa likita zuwa Turanci, layi na yankewa, rabin ciwon a hanya zai zube.

Da kuma magani. Likitan da bai san abin da ke cikin kabad ɗinku ba zai rubuta abin da sai Kano ake samu. Takarda ce kawai za a riƙe.

Mai Kemis:
A nan kam Dakta mun haɗu. Sau nawa ake kawo mini takardar da ko sunan maganin ban taɓa ji ba.

Majo daga Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Nijeriya. Ni majo ne a wata CSI, wato ƙaramin asibiti, kamar incaj ɗinku ke nan. Mu nan lokotoro, likita a faɗarku, yana can babbar likita, wato babban asibiti, ta gunduma, mu ke riƙe da ƙauyuka. Tsarin RAFT na aikin likita daga nesa da ya faro daga Mali tare da likitocin Geneva ya daɗe da isowa Nijar, amma ni abin da na fi amfana da shi karatu ne daga nesa. Aikin yau da kullum, kiran murya ne da hoto. Rezo ɗinmu, wato layin waya, in ka kunna bidiyo sai fuskar lokotoro ta daskare baki buɗe.

Abin da nake so in tuna muku, bayan juyin mulkin Yulin 2023 da Nijeriya ta yanke muna wuta, watanni muka yi a haka. Wanda ke da sola shi ya ci gaba da ajiye rigakafi da cajin waya. Duk dabarar da za ku yi, wutar ce uwarta.

Ɗan Zango, Kumasi:
Mu ma a Ghana an yi gwajin wannan a gundumar Amansie West nan kusa da mu, sama da shekara goma ke nan, daga baya hukumar lafiya ta ƙasa ta faɗaɗa shi. Nas ɗin ƙauye ke kiran wata cibiya da ke da ma'aikata dare da rana, a gaya mata ta yi kaza ko ta turo. Da wayar hannu ta murya aka gina shi. Ƙanwata ta yi aiki a irin wannan ƙaramin asibiti, ta ce abin da ya fi mata daɗi shi ne in ta turo mutum an riga an san da zuwansa.

Injiniyan Sola:
Jama'a, ina ta karatu ina murmushi, kuma in faɗi gaskiya sana'ata ce, sai ku rage kashi goma daga maganata. Kwamfutar hannu wat 10 zuwa 15 take ci, kamar ƙwan fitila ɗaya. Duk solar da za ta haska ɗakin haihuwa ta riƙe ƙaramin firji, ba za ta ma san an jona ta ba. Wato in kun sa sola kun yi rabin hanyar bidiyon. In kun sa bidiyon ba sola, kullum na'urar tana shagon mai caji.

Tsadar ba a na'ura take ba, a kuɗin wata-wata take da data. Na gwada a wayata, kiran bidiyo na WhatsApp yana cin wajen megabait 5 a minti. Mutum 15 a rana, minti goma-goma, kun haura gigabait 15 a wata ko da ranakun aiki kawai kuka lissafa. Kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50. Kada kuma a manta da Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda tsaro. Duk asibitin da likitansa ke cikin waya, ranar ya tafi hutu.

Malam Sakatare, kafin Asabar ka yi gwaji kyauta. Shiga ainihin ɗakin da za a ajiye na'urar, ba bakin titi ba, ka kira ɗanka na Legas ta bidiyo minti goma da safe, da azahar, da bayan isha, da layi biyu daban. Ka rubuta sau nawa ya yanke.

Baiwar Allah:
Ban saba magana a nan ba. Bayan haihuwata ta uku na shiga wani hali, ba barci, ba na son ganin jaririn, ina kuka ba dalili. Aka yi ta rubutu da hayaƙi. Na san asibiti ya kamata in je, amma a garinmu in aka ce an gan ki a asibitin ƙwaƙwalwa, har 'ya'yanki sai sun rasa mijin aure. Wata nas ce ta shigar da ni ofishinta ta rufe ƙofa ta haɗa ni da wata likita ta bidiyo. Sau shida muka yi. Da murya ce kawai ba na jin zan sake da ita, ganin fuskarta ne ya sa na yi magana. Kowa ya ɗauka awon jariri nake zuwa. Ban ce kada a sa sola ba. Na dai ce kada a raina abin.

Anti Ungozoma:
Allah ya ƙara miki lafiya ƙanwata, kin yi jarumta. Irinki na gani da yawa, ban san inda zan tura su ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan duka ba su kai 300 ba. Wannan kam na sallama.

Ɗan Gari a Legas:
Kun gani ko? Wannan fitila ba ta yi mata.

Likitan Iyali, Kano:
Ba ta yi mata ba. Amma ka sake karantawa: nas, ofis, ƙofa a rufe, likita guda da ta dawo sau shida. Tambayi kamfaninku ko Hajiyarka za ta riƙa ganin likita ɗaya ne, ko duk wata sabuwar fuska da za ta fara da "me ke damunki".

Malam Sakatare, wani abu kuma. Ka binciki ko asibitinku na cikin masu karɓar kuɗin asusun kula da lafiya matakin farko na BHCPF da dokar 2014 ta kafa, wanda ake turawa duk wata uku. In yana ciki, kwamitinku na da hannu a tsara yadda za a kashe shi, kuma data da ƙananan gyare-gyare a nan ya kamata su fito, ba daga aljihun yaran nan ba.

Sakataren Kwamiti:
Jama'a, mun zauna jiya, ga yadda ta kaya. Na yi gwajin Injiniya kwana biyu. Da safe layi ɗaya ya riƙe minti goma cur. Da azahar ya yanke sau biyu. Bayan isha ko haɗuwa bai yi ba sai da na fito gindin darbejiya. Ɗaya layin kuma ba a magana.

Na tura wa kamfanin tambayoyin Barista da na Dakta. Sun amsa cewa aikinsu daga ƙarfe 8 zuwa 5 ne, Litinin zuwa Juma'a, masu jin Hausa biyu ne a cikin likitocinsu, sauran tambayoyin za su waiwaye mu. An tsayar za a sa sola. Abin da ya rage za a sayi waya mai kyau ta asibiti, ba ta incaj ba, da ma'aunin hawan jini biyu. Cikin 'ya'yan gari ashe akwai likitoci biyu, ɗaya mace, sun yarda za su riƙa ɗaukar kiran incaj da ungozoma Talata da Alhamis da safe na wata uku, a fara da masu hawan jini da masu awo. Zan kai wa hukuma takarda gobe. Ba kowa ya ji daɗi ba, an ɗan ɗaga murya.

Ɗan Gari a Legas:
Ni ne na ɗaga, kuma na ba Baba haƙuri. Amma a rubuta na faɗa: aikin sa-kai wata uku ne, na huɗu waya za ta yi ta ƙara ba mai ɗauka. Kamfani ko ba komai kuɗinka ya ci, kana da bakin yi masa tsawa. Ɗan'uwanka da ke yi maka alfarma fa? Mu fara tunanin abin da za mu riƙa ba su tun yanzu. Hajiya dai na sa an rubuta sunanta, ita ce ta farko ranar Talata.

Anti Ungozoma:
Malam Sakatare, in masu solar sun zo kada ka bari su kafa ƙwan a tsakiyar silin su tafi. Ungozoma bayanta take ba wa tsakiyar ɗaki, inuwarta ce za ta rufe wurin aikin. A sa ɗaya ta ƙafar gado, a sa soket kusa da teburin jariri. Batirin kuma a yi masa keji da kwaɗo, makullin a hannun mutum biyu.